Tunku Mai Maganin Ɗari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A zamanin da, lokacin da ɗari yake ɗari, man shanu kan daskare a ƙwarya sai an sa wuƙa, akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mai kaji bakwai a akurki. Kullum Tunku yakan bi ta wata kafa ya ɗauke ƙwai guda.

Sai sanyi ya sauka. Kaji suka takure, suka daina ƙwai. Tunku ya zo, babu. Ya dawo, babu.

Ya ce wa uwar kajin, "Yaya, lafiya kuka rufe kasuwa?"

Ta ce, "Abin da muka ci, ɗari ya cinye. Da me za mu yi ƙwai?"

Ya ce, "Ai ni boka ne, gadon gidanmu. Ku bar min."

Tunku ya kama aiki. Ya kwaɓa laka ya toshe kafofin iska, ya bar 'yar tasa. Ya jawo ƙaiƙayi ya shimfiɗa. Ya sato dusa, ya sato ruwan ɗumi daga murhun Iya. Shi da bai taɓa ɗaga tsinke ba.

Kwana tara, kaji suka miƙe wuya, ƙwai ya dawo. Tunku ya ce lada. Ya sha ɗaya, ya sha biyu, ya sha bakwai. Ya nufi kafa, kai ya fita, ciki ya ƙi.

Ga Iya da taɓarya.

Ya ce, "Iya, dakata. Wa ya toshe iska? Wa ya shimfiɗa ƙaiƙayi? In kin kashe boka, magani ya mutu."

Iya ta leƙa, ta ga gaskiya ne. Ta ce, "To, boka, ka samu gida." Ta jawo shi, ta ɗaure shi a turke, ya riƙa yi wa kaji bauta kan ƙanzo.

Ran na uku cikinsa ya saɓe. Ya ce, "Iya, saura magani ɗaya, saiwa ce a bakin rafi, ba ta tonuwa sai ba igiya."

Ta kwance shi. Har yau yana tono.

Iya ko ta riga ta gane maganin, kajinta ba su ƙara rufe kasuwa ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Mai shiga akurkin wani, ya auna ƙofa kafin ya auna ciki.