Makullin Motar Haya a Hannun Kawu

Akwai wani ma'aikacin sashen gona a ƙaramar hukumar Rabah mai suna Mujaheed, haifaffen Wurno. Mutum ne mai kunya, irin wanda ko gyaran murya babba ya yi sai ya sunkuyar da kai. Shi ne ɗan fari a wurin Inna Habi, don haka bai taɓa jin ta kama sunansa ba. In tana da magana da shi, sai ta dubi ƙanwarsa Sharifa ta ce, "Ki hwaɗa ma wancan."

Shekarar da Inna Habi ta sauke farali, Mujaheed ya ƙudurta cewa ba za ta dawo gida a matse cikin motar kasuwa ba. Ya tafi Sakkwato wurin wani mai ba da hayar manyan motoci, Ja'afar, ya zaɓi wata baƙar jif mai baƙin gilashi, irin wadda a Wurno sai wani babba ya zo ta'aziyya ake ganinta. Hayar kwana biyu.

Ja'afar bai miƙa makulli ba sai da ya zaunar da shi ya karanta masa takarda. Ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Malam, nan nika so ka duba. Inshorar motag ga sunanka kaɗai ta sani. In kai ka tuƙi wani abu yah hwaru, kamhwani na biya. In wani na bisa sitiyari, ko mahaihinka na, ba ruwansu. Ni da kai za mu kwashe ta."

Mujaheed ya yi dariya. "Wa zan ba? Ni kaina tsoronta nika ji."

Ya sa hannu.

An ɗauko Hajiya daga filin jirgi lafiya. Gida ya cika da guɗa da 'yan barka da sauka, aka yi ta rabon dabino.

Washegari da hantsi Kawu Halliru ya zo. Yayan Inna Habi ne, tsohon direban babbar mota da ya yi shekara talatin yana kai albasa kudu kafin ƙarfi ya ja baya. Ya kewaya jif ɗin sau biyu, ya buga taya da ƙafa, sannan ya miƙo hannu a gaban dattawan da ke zaune kan tabarma.

"Ɗana, kawo makulli in kai ma dangi na Goronyo zamzam da dabino. Kahin azahar na dawo."

Mujaheed ya ce, "Kawu, bari in kai ka."

"Ka bar ma wa baƙi?"

"Kawu, akwai wata takarda da nis sa ma hannu..."

"Takarda?" Kawu ya juya wajen dattawa. "Kun ji ɗan boko. Ina jan mota mai taya goma kana goye. Ko tsoro kaka ji in ɓata ma kujera?"

Dattawa suka yi dariya. Maganar inshorar tana bakin Mujaheed, amma ta ƙi fita. Ya miƙa makullin da hannu biyu.

Da Kawu ya zauna a kujerar direba, sai ƙafarsa ta hagu ta shiga laluben ƙasa.

"Ina kuloci?"

"Ba ta da shi, Kawu. Ita ka canza giya da kanta."

"Ashe motar raggaye ta," in ji Kawu, ya ja ta ya tafi.

Azahar ta yi, ta wuce. Mujaheed yana gaisawa da baƙi, amma kunnensa yana kan titi. Ya kira wayar Kawu sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Aka kawo masa abinci, ya kasa kai loma.

Gab da la'asar wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Kawu Halliru ya sauko daga bayan babur, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Sai da aka shigar da shi ɗaki aka ba shi ruwa sannan ya iya magana.

Ranar kasuwar Goronyo ce. A bakin kasuwa wani jaki ya gitta masa. Ƙafarsa ta nemi kuloci kamar yadda ta saba shekara talatin, ba ta same shi ba, ya ruɗe ya taka totur maimakon birki. Motar ta yi tsalle ta haye buhunan albasa, ta haɗa wani manomi da bangon shago. Sunan mutumin Yari. An kwashe shi ba ya numfashi sosai. Cikin hayaniyar ne wani da ya san Kawu ya janye shi ta lungu ya ɗora shi kan babur, kafin jama'a su dawo hayyacinsu.

Babban ɗan Kawu, Lawwali, ya ce a ba shi takardar hayar. Ya karanta a hankali, ya naɗe ta, ya dubi Mujaheed.

"Hanya guda ta. Ka tahi ka ce kai na ka tuƙi."

Lawwali ya ci gaba:

"Gilashin baƙi na, ba wanda yag ga ko wa na ciki. In ka ce kai na, inshora ta gyara mota ta biya magani, kowa shi huta. In ka ce Baba na, ba su biyan ko sisi, kuma lasin nai ya daɗe da mutuwa. Mutum da hawan jini da ciwon suga, kana jin shina kwana biyu a tsare shi hito da rai?"

Sharifa ta ce a hankali, "In mutumin ga ya cika hwa?"

Lawwali ya kawar da kai. "Ki riƙa hwaɗin alheri."

Wayar Mujaheed ta yi ƙara. Ja'afar ne. 'Yan sanda sun same shi ta lambar motar. Bai yi faɗa ba, kuma sanyin muryarsa ya fi faɗa ban tsoro.

"Malam, tambaya guda ag gare ni. Wa ka tuƙi?"

Mujaheed ya ce layin waya ba shi da kyau, ba ya jinsa, ya kashe wayar.

Inna Habi tana zaune a gefen gado da carbinta, ɗan'uwanta a dama, ɗanta a hagu. Can ta dubi Sharifa.

"Ki hwaɗa ma wancan, ban ce shi yi ba, ban ce shi bari ba. Amma kabari ba a shigar shi mutum biyu."

Lawwali ne ya goya shi a babur zuwa Goronyo. Duk tsawon hanya yana koya masa abin da zai faɗa: daga ina ya fito, ƙarfe nawa, ta wane gefe jakin ya ɓullo. Mujaheed yana cewa "to", yana kallon gonakin gero suna wucewa ba tare da yana ganinsu ba.

A bakin kasuwa suka ga wurin. An janye motar, amma albasa tana nan a farfashe, warinta ya cika hanci. A gindin bangon an zuba yashi, kuma yashin ya yi duhu a tsakiya.

A ofishin 'yan sanda aka kai su gaban wani jami'i mai furfura a gefen kai, wanda ba ya gaggawar magana. A kan benci a waje wata mata tana zaune ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi ba sauti. Aka ce Kaltume ce, matar Yari. Ta zo karɓar takardar da asibiti ya nema, don za a wuce da mijinta Sakkwato.

"Kai ne mai hayar mota?"

"Ni na, yallaɓai."

"Kai ke tuƙi?"

"Ni na."

Jami'in ya rubuta duk abin da ya faɗa, layi bayan layi. Da ya gama, ya juyo da takardar, amma bai saki biro ba tukuna.

"Kafin ka sa hannu, bari in gaya maka abin da nake gaya wa kowa. Likita ya ce kan mutumin ya bugu, ba a san ko zai tashi ba. In ya rasu, wannan takarda ce za ta tafi kotu, da sunanka a matsayin wanda ya yi sanadi. Daga yanzu a nan za ka zauna. Wurin aikinka za su samu labari. In kuma daga baya ta bayyana ba kai ba ne, wannan laifi ne daban, kuma kamfanin inshora ma zai shigar da tasa ƙarar, don a wurinsu zamba ce. Ka gane?"

Ya miƙa biro.

Mujaheed ya karɓa. Ta ƙarƙashin tebur Lawwali ya taka masa ƙafa. Daga can ciki aka ja wata ƙofar ƙarfe. Ya tuna matarsa da 'ya'yansa biyu a Rabah, waɗanda ba su ma san abin da ke faruwa ba. Da safe kunya ta karɓe masa makulli. Yanzu ga ta ta dawo tana neman wuyansa.

Ya ajiye biron.

"Yallaɓai, ba ni na ba. Kawuna na. Laihina shi na, ni nib ba shi makulli, kuma na san bai kamata ba."

Jami'in ya yaga takardar farko, ya ɗauko sabuwa. Lawwali ya tashi ya fita, ya hau babur ya tafi ya bar shi a nan.

Abin da ya biyo baya ba mai sauƙi ba ne. An zo da Kawu, ya kwana ɗaya a tsare, aka ba da belinsa saboda ciwo. Kamfanin inshora ya amsa da layi biyu: wanda ke tuƙi ba shi ne a takarda ba. Ja'afar ya tsaya kan maganarsa ta farko. Gyaran motar da maganin Yari suka dawo kan Mujaheed, har aka fara taya fadamar da mahaifinsa ya bar masa a bakin Rima. Mutanen gidan Kawu suka daina amsa gaisuwarsa. A majalisa ana cewa ya sayar da ɗan'uwan uwarsa don ya tsira da fatarsa.

Kullum yana zuwa asibiti a Sakkwato da abincin masu jinya. Yari yana kwance ba ya motsi. Duk sanda likita ya fito, sai Mujaheed ya tare shi da tambaya. Wani lokaci yakan tambayi kansa ko da ya sa hannun nan da komai ya fi sauƙi.

A rana ta shida Yari ya buɗe ido. Kwana biyu bayan haka, da ya fara magana, jami'in nan ya zo ɗaukar bayaninsa. Mujaheed yana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu.

Jami'in ya tambaye shi abin da ya tuna. Yari ya dubi rufi, ya ce da dasasshiyar murya:

"Tsohon ga mai hwarin gemu, ya tsira? Gilashi nai a sauke yake. Na ga idanu nai kahin motar ta iso ni, ya hi ni tsorata. Ku ce mai ba da gangan yay yi ba, na sani."

Jami'in ya ɗago kai ya dubi Mujaheed, sannan ya ci gaba da rubutu.

Mujaheed ya ajiye kwanon a ƙasa. Ya fita, ya samu benci ya zauna.

Darasi: Motar haya amana ce, kuma inshora sunan da ke takarda kaɗai ta sani, ba ta san kawu ba, ba ta san aboki ba. "A'a" cikin ladabi a ƙofar gida ta fi kuka a ofishin 'yan sanda. In kuma an riga an yi kuskure, kada a yi masa magani da ƙarya, don gaskiya tana da tsada amma sau ɗaya ake biyanta. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin ɗauko motar haya don biki, suna ko tarbar alhazai, ya karanta kafin a miƙo masa hannu.