Rigar da Ba Ta Yi Magana Ba

Kotu ta kwashe kayan shagon Tambai mai wanki don a biya bashinsa. Tabawa mai ƙosai ta garzayo gaban alƙali.

"Allah gafarta Malam, akwai zannuwana a ciki. Wanki na kai."

Alƙali ya ce, "Duk abin da aka samu a shagonsa nasa ne, sai in zanen ya buɗe baki ya ce naki ne."

"To, na yarda. Amma in za a yi gwanjo, a fara da farar babbar rigar nan. Maigidana zan saya wa."

Alƙali ya zabura. "Ke! Wannan ai tawa ce!"

"Af! Ita ta faɗa, Malam? Mu dai ba mu ji ba."

Alƙali ya yi gyaran murya. "A ba ta zannuwanta."