Akuyar Raɓe-Birni

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya tafi gida.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wani ɗan gari ne wai shi Raɓe-Birni. Shi ba birni ba, shi ba ƙauye ba. Da safe kowa ya hau mota ya tafi birni neman abinci, sai yamma a dawo. Da rana ba kowa sai awaki.

Amma fa akwai alfahari. A bakin gari sun kafa ƙaton allo da sunayen manyansu uku: Alhaji Gambo mai bene, Dokta Jatau wanda ba a san me ya karanta ba, da Hajiya Tasalla wadda ta taɓa gaisawa da matar Sarki, tun ranar ba ta wanke hannun ba.

Ran nan shara ta ishi birni. Sarki ya ce, "A tashi Raɓe-Birni, a mai da shi juji. Sai fa in wani babba ya ce garinsa ne."

Mai-garin Raɓe-Birni ya ruga fada ya ce, "Ranka ya daɗe, manya har uku gare mu."

Aka kira Alhaji Gambo. Sarki ya ce, "Kai ɗan can ne?"

Ya ce, "Ni? Allah ya taimake ka, wucewa kawai nake yi."

Aka kira Dokta Jatau. Ya gyara tabarau ya ce, "Ni? Wucewa kawai nake yi."

Aka kira Hajiya Tasalla. Ta ɗaga hannun nan nata ta ce, "Wannan hannu ya yi kama da na 'yar ƙauye? Wucewa nake yi."

Sai ga wata gurguwar Akuya ta shigo fada, ɗingis, ɗingis, ɗingis.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni 'yar can ce, kakata ma 'yar can ce. Shawara na kawo. Me zai sa ka wahala da rushe gari? Akwai manyan gidaje uku, katanga har sama, masu su ba a san su ba, masu wucewa ne ke kwana ciki. A zuba sharar a nan."

Sarki ya ce, "Madalla. A fara da benen."

Alhaji ya zabura. "Gidana ne! A bayansa aka binne cibiyata."

Dokta ya ce, "Ni a can aka yi mini kaciya, wanzamin yana da rai."

Hajiya ta ce, "Ni ko gyaɗa na yi talla a tashar garin, kowa ya sani."

Akuya ta ce, "Na shaida, Hajiya. Na sha cin ɓawon."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Gari ya tsira. Amma a goge allon nan, a sa Akuya a sama. Ku uku kuma, duk ranar kasuwa ku share titi, tunda kun saba wucewa ta kansa."

Shi ya sa har gobe, in ka shiga irin garuruwan nan, za ka tarar da akuya kwance tsakiyar titi tana tuƙa. Yi ta danna odar mota. Ba za ta tashi ba, kai za ka kauce. Garinta ne.

In ka ji kunyar garinku, akuya ta fi ka daraja a cikinsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ƙarya na shirga muku, ban da maganar hannun Hajiya.