Mutum Uku da Albashin Sahabi

Ku saurari wannan da kyau, don idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

An yi wani saurayi maraya mai suna Sahabi a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Da ya gama sakandare ya samu gurbi a kwalejin fasaha, zai yi difloma ta shekara biyu a fannin injuna. Ya zauna ya auna kuɗin karatun da albashin da ake cewa masu difloma na samu, ya ga shekara guda ta aiki ta isa ya sallami duk wanda ya taimake shi. Bai san farashin buhun masara zai ninka kafin ya gama ba.

Kawunsa Barau ne ya fara tsaya masa. Ya jinginar da gonarsa ta fadama wajen wani attajiri, bisa sharaɗin da kowa ya sani: mai kuɗi zai noma gonar, ya ci amfaninta, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Da wannan kuɗin Sahabi ya shiga makaranta. Daga baya aka riƙa ganin Kawu Barau yana ƙwadago a gonar da ya gada wajen mahaifinsa.

A shekara ta biyu kuɗin jingina ya ƙare, aka ce Sahabi ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Yayarsa Hansatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta kwashi adashinta, ta haɗa da jarin man gyaɗarta, ta aika masa. Da ya ce zai biya, sai ta ce, "Ba rance na ba ka ba. Kada ka ƙara kawo mini wannan zancen." Tun daga ranar take surfe a gidajen mutane.

Na ukun shi ne Malam Tanimu, mai gyaran janareta a bakin tasha, inda makaranta ta tura Sahabi koyon aiki. Shi bai ba shi ko kwabo ba. Tabarma ya ba shi a shagonsa, ya koya wa hannunsa abin da allo bai koya masa ba. Da wani kamfanin ruwa ya ce ba zai ɗauki kowa ba sai da wanda zai tsaya masa, shi ya tsaya wa Sahabi, ya kuma miƙa masa akwatin kayan aikinsa.

Aka tura Sahabi wata tashar tura ruwa a bakin dam, can cikin daji, daga shi sai injuna biyu. A wajen kamfani shi mataimakin injiniya ne, albashinsa bai kai rabin na mai digiri ba. A ƙauye kuwa kowa Injiniya yake ce masa, kunya ta hana shi gyara musu. Saboda haka kowane ɗaya cikin ukun ya ɗauka Sahabi ya riga ya sallami sauran biyun, nasa ne ke tafe. Sahabi ya riƙa jiƙa garin kwaki yana tara kuɗi. Sallah ta zo ta wuce bai je gida ba, don ba zai iya shiga hannu rabbana ba. Da la'asar yakan hau tudu inda waya ke kamawa, ya dubi lambobinsu, ya sauko bai kira kowa ba.

Da abin da ya tara ya kai ya biya buƙatar mutum ɗaya, sai labarai suka iso ta bakin direban da ke kawo man inji. Attajirin ya ce idan ruwan shuka ya sauka ba a fanshi gonar ba, zai cika kuɗi ya saye ta, kuma Kawu ya gaji har ya fara sassautowa. Hansatu ta cire babbar 'yarta daga makaranta don ta taya ta surfe. Malam Tanimu kuma yanar ido ta rufe masa gani, masu kawo gyara sun watse, likita ya ce idan aka ƙara jinkiri aikin idon ba zai yi amfani ba.

Babu wanda ya aiko ya tambaye shi. Rannan dai ya daure ya kira kawunsa, suka gaisa, tsohon ya ce, "Injiniya, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ba wani abu, labarin gida ne nake ba ka."

Sahabi ya zauna a kan tudun, kuɗin na aljihunsa. Idan ya raba su uku, gona ba za ta fansu ba, jari ba zai tashi ba, ido ba zai buɗe ba.

To, jama'a, ga wanda ya ba da gonar gadonsa, ga wadda ta ba da jarinta ta ce ba bashi ba ne, ga wanda ya ba shi sana'ar da ta kawo kuɗin. Wajen wa Sahabi zai fara zuwa?