Ƙafar Gwaggo Tabita da Ƙundun Zakara

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma na safe, bayan yankan dawa, matan zumunta na coci suka zo duba Gwaggo Tabita a wani ƙauye kusa da Wusasa. Kututturen kara ne ya soke ta a ƙafa a gona, ga ta da ciwon suga. Ta rufe ƙafar da zane.

"Yaya jiki, Gwaggo?"

"Da sauƙi," in ji ta. Kowa ya ce madalla, gama haka ake yi.

Autanta Tanimu yana zaune a bakin ƙofa. Yana cikin waɗanda likitocin yanzu ke kira masu otizim: ba ya kallon idon mutum, doguwar gaisuwa tana gajiyar da shi, kuma a wurinsa wanda ya yi tambaya amsa yake so. Sai ya ce, "Babu sauƙi. Ƙafar ta yi baƙi, tana wari." Matan suka kalli juna. Tanimu bai gane laifinsa ba. Gwaggo kuwa kunya ta kama ta, ta juya bango, ta ce ko za ta mutu ba za ta je asibiti ba.

Kande, yayar Tanimu, ta raka baƙi da fara'a, ta dawo ta zauna a gefen gado. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ƙafa ba. Ta yi zancen bikin jikar Gwaggo da ke tafe, ta ce, "Mama, wa zai buɗe rawa in ba ke ba? Ni ai kin san kamar agwagwa nake." Tsohuwa ta yi dariya, can ta ce a miƙo mata mayafi.

Babban wansu Dogara ya je neman mota, ga shi ranar kasuwa ce, duk an yi lodi. Tanimu ya bi shi, ransa yana tafasa, yana jin wansa yana tambayar direba Ɗanjuma iyali da gajiya da ciwon bayan mahaifinsa. Shekaru Dogara bai fasa zuwa suna ko ta'aziyya a gidan nan ba. Ɗanjuma ya sauke tumatirinsa, ya ce su hau.

Likita ya ce da an kai gobe, da ƙafar ta tafi. Yatsa ɗaya aka cire, Gwaggo ta yi rawarta a bikin.

Ran godiya aka yanka zakara. Da baƙi suka watse, saura Gwaggo, da Dogara, da Kande, da Tanimu, da kujerar marigayi maigidanta wadda ba mai zama a kanta. Ƙundu rabon maigida ne, yanzu kuwa babu shi. Gwaggo ta tsamo shi daga tukunya, ta ce na wanda ya ceci ƙafarta ne.

To, jama'a, a kwanon wa za ta sa shi: wanda ya faɗa, ko wadda ta lallasa, ko wanda ya gaisa?