Rabon Nikanor

A garin Salukiya da ke bakin teku an yi wani malami, bawan Allah, masanin Attaura da Zabura, mai zuhudu da tawali'u, wanda a ƙuruciyarsa ya durƙusa gaban waɗanda suka ci jibin ƙarshe, wato abincin daren bankwana, tare da Yesu Almasihu. Daga bakinsu ya ji yadda Almasihu ya kakkarya gurasa, ya miƙa ƙoƙo, ya bar wasiyya a riƙa yin haka ana tuna shi har ya dawo. Kowace Lahadi masu bi sukan taru a gidan malamin a karya gurasa ɗaya, a ware rabon duk wanda bai samu zuwa ba a kai masa. Mamaci kaɗai ne ba a ware wa.

Cikin mabiyansa akwai Yunika, wata masaƙiya, wadda ɗanta tilo, Nikanor, ya shiga jirgin hatsi shekara uku ke nan, ba amo ba labari. Takan bi hannun malam da ido ana kiran sunaye, ba a kiran na ɗanta sai ka ce mamaci, kewa tana cin ta.

Wata Lahadi malam ya gutsura, ya ce, "Wannan na Nikanor ne."

Timon, tsohon da ke kai rabo, ya ce, "Allah Ya gafarta malam, ƙafafun nan nawa ba sa taka ruwa fa. Sai dai mu aiki kifi."

Malam ya ce, "Ban aike ka ba. Yunika, ki ajiye masa."

Ta naɗe gutsuren a ƙyalle, ta ajiye. Washegari ta tarar rabi ya ɓace, ta zo tana kuka: "Malam, ɓera ma ya raina ni!"

"Ki bar sauran yadda yake," in ji shi.

Wata biyu gurasar nan ba ta yi funfuna ba. A cikinsu malam ya kwanta rashin lafiya, Allah Ya karɓi abinSa, aka binne shi. Kwana bakwai bayan haka Nikanor ya yi sallama a ƙofar uwarsa, ya rame kamar kara. Ya ce jirginsu ya fashe, aka bautar da shi a wani tsibiri, da ya gudu kuma yunwa ta kayar da shi a bakin gaɓa. Yana kwance wata Lahadi sai ga wani dattijo mai tabon ƙuna a babban yatsa, ya miƙa masa rabin gutsuren gurasa, ya ce, "Ci, ana jiran ka a gida."

Kowa ya san tabon nan na malam ne, kuma kowa ya san malam bai taɓa barin gari ba. Yunika ta kwance ƙyallen, ta ce, "Ƙarasa rabonka, ɗana. Wanda ya ware maka bai jira godiya ba."

Allah Ya haskaka makwancin wannan waliyyi, Ya ba mu albarkarsa, Ya tara mu da waɗanda muke kewa a kan gurasa ɗaya. Amin.