Jitar Gidan Trommer

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na Markneukirchen, mai gyaran jita. Sunansa ba zan ambata ba. Shi ya roƙe ni in ba da labarinsa bayan ya kwanta dama, in bar sunan a kabari tare da shi. Tsofaffin cikinku za su gane shi. Ku riƙe a ranku.

A garin da kusan kowane gida kakansa ya sassaƙa goge ko jita, ba ƙaramin abu ba ne a ce wane ya fi kowa. Amma shi an faɗa, ba a yi gardama ba. Zai ƙwanƙwasa ƙirjin jita da yatsa ɗaya, ya gaya maka inda gam ya saki a ciki. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba a taɓa jin ya cuci wani ba. A layi na uku yake zama a cocin nan, shi da matarsa Roswitha.

Abu guda ne ya ci masa rai, wato jitocin Traugott Lindenau, maƙerin da ya koyo sana'a a Vienna ya dawo gida ya yi aiki shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Jitocinsa ƙanana ne, masu siririn ƙugu. Kansu a lanƙwashe yake kamar ƙaho, maɗauran tsirkiya shida duka a gefe ɗaya. Wuyansu ba a manne yake ba, da makullin agogo ake ɗaga shi ko a sauke shi. An ce huɗu kawai suka rage. Mutumin nan ya taɓa ganin ɗaya a bayan gilashi a Leipzig, ya tsaya a gabanta har mai gadi ya zo ya tambaye shi ko lafiya. Bai taɓa sa hannu a kan ko ɗaya ba.

Shekara biyu bayan faɗuwar katangar da ta raba ƙasarmu gida biyu, lokacin da dillalai daga yamma suke bi gida-gida suna tambayar abin da ke ɗakunan ajiyarmu, sai wata dattijuwa, Frau Irmtraud Trommer, ta shigo shagonsa da wani abu a naɗe cikin bargo. Tsohuwar malamar makaranta ce. Idonta ya riga ya dushe, likitoci sun ce ba magani.

"Meister, tsohuwata ce ba lafiya," in ji ta, don haka muke kiran gwanin sana'a a nan. "Wurin da tsirkiyoyi suke ɗaure ya ɗaga."

"Ke da ita wa ya girmi wani?" ya tsokane ta.

"Ita mana. Ni ai yarinya ce a kanta. Kakan mijina Ekkehard ma gadonta ya yi."

Ya warware bargon. Ya ga lanƙwasasshen kai, ya ga ramin makulli a gindin wuya. Ya zura ɗan madubinsa ta bakin jitar, ya haska. Can a ƙarƙashin katakon sama ga rubutu da fensir: Traugott Lindenau, 1847.

Ya zare madubin a hankali. Frau Trommer kuwa tana ta magana. Ta ce kada ya daɗe da ita, domin tun da ɓarin jikin mijinta Ekkehard ya shanye, hankalinsa ya fara gushewa, ba ya cin abinci, ba ya natsuwa, sai ta ɗauko jitar ta kaɗa masa. Da tsirkiya ta motsa sai ya buɗe baki kamar jariri.

Aikin mako biyu ne. Mutumin nan ya ce mata wata huɗu.

Ya 'yan uwa, ku lura da inda abin ya fara. Bai ce a ransa zai yi sata ba. Cewa ya yi zai auna ta kawai, don ilimi. Da ya auna, sai ya ce bari ya gwada ko hannunsa zai iya irinta. Da hannun ya iya, sai wata murya ta ce masa: matar nan ba ta gani, mijinta ba ya ganewa, ɗansu kuma direban mota ne, ranar da suka mutu zai miƙa ta ga dillali. Wa ya fi ka sanin darajarta? Wa zai kula da ita kamarka?

Ya zaɓi katako mafi kyau a rumbunsa, ya sassaƙa sabuwar jita irinta sak. Ya dafa gam na fata irin na da. Ya sa mata tsirkiyar hanji. Ya tsufar da ita da ruwan shayi da hayaƙi. Kowane ƙarzo ya kwaikwaya, har da tabon ƙuna inda lofen kaka ya taɓa faɗuwa. A duk rayuwarsa bai yi aiki mai kyan wannan ba, kuma babu wanda zai iya nuna wa.

Da bazara ta shigo ya kai mata sabuwar da kansa, ya riƙe ta gasken. Ta dafa gahawa, ta yanka masa kek ɗin dankali. Ekkehard yana kan kujera kusa da murhu, ya rame. Jitar aron da aka ba ta a watannin nan ko kallonta bai yi ba.

Ta shafa tabon ƙunar da yatsa, ta yi murmushi, ta fara kaɗawa. Tsohon ya ɗaga kai. Ya saurara. Sannan ya juya fuskarsa bango.

"Ba ita ba ce," in ji shi.

"Ita ce, Ekkehard. Meister ne ya gyara mana."

"Ba ita ba ce."

Frau Trommer ta ji kunya. Ta dafa hannun baƙonta. "Kada ka sa a ranka, Meister. Ni kaina wata rana ba ya gane ni."

A wannan lokacin ƙofa a buɗe take. Da ya ce, Frau Trommer, na yi kuskure, bari in je in dawo, da magana ta ƙare a ranar. Shagonsa tafiyar minti biyar ne. Me ya yi? Ya ƙarasa kek ɗinsa, ya yaba daɗinsa, ya tafi.

Ekkehard bai sake natsuwa da kiɗa ba. Matarsa ta ɗauka yatsunta ne suka tsufa, ta daina kaɗawa. Da abin ya fi ƙarfinta aka kai shi gidan kula da tsofaffi, can ya rasu kafin shekara. Ita kuwa kowace Kirsimeti sai ta toya burodin inabi ta aika wa mutumin nan, don kirkin da ya yi musu.

To shi fa, me ya samu? Jitar da ya yi mafarkinta shekara talatin tana gidansa, ba ya iya kaɗa ta. A titinmu kowa kunne gare shi, maƙwabci zai leƙo ya ce wace ce wannan. Ya kulle ta a kabad a ɗakin sama, ya kulle ɗakin, ya rataya makullin a wuya. Roswitha ta tambaya sau ɗaya, sau biyu, ya yi mata tsawa, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta bar tambaya. Da sannu suka bar hira ma. Ya koma zama a layin baya a coci. Ya daina tasowa karɓar Jibin Ubangiji.

Na gani, ya 'yan uwa. Daga nan inda nake tsaye komai ana gani. Na ce a raina mutum ne mai kamun kai, kada in shiga masa. Ban tambaye shi ba ko sau ɗaya.

Bayan shekara tara, Frau Trommer ta ce tunda ba mai kaɗa ta, za ta ba gidan tarihi jitar kyauta, da sunan mijinta. Masana suka karɓa da murna. Suka ɗauki hoton zoben shekaru da ke jikin katakon, suka gwada da na itatuwan da aka san shekarunsu. Amsa ta fito: itacen nan yana tsaye a daji lokacin da Ekkehard ya yi aure. Jabu ce, mai kyau ƙwarai, amma jabu.

Suka zo wurin mutumin nan, tunda shi ne na ƙarshe da ya buɗe ta. Suka tambaye shi cikin girmamawa, ko wadda aka kawo masa a lokacin ta gaske ce.

"Ta gaske na karɓa," in ji shi, "ta gaske na mayar."

Wa zai ƙaryata shi? Sai ido ya koma kan Volkmar, ɗan Frau Trommer. An san ya rasa aiki a shekarun nan. An taɓa ganinsa a mashaya da wani dillali. Yana da makullin gidan uwarsa. Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda ya kawo shaida. A wurin mai burodi da bakin coci aka yanke masa hukunci.

Uwarsa ta kira ni tana kuka, ta ce in yi masa magana. Na je. Na zauna a ɗakinsa na yi masa dogon bayani kan tuba da yadda zuciyar uwa take yafewa. Ya bar ni na gama.

"Fasto," ya ce, "tambayata ka zo yi, ko hukuncin ka kawo mini?"

Na tashi na fita. Wata biyu bayan haka ya tattara ya koma garin Hof. Uwarsa ta ce ba zai taka gidanta ba sai ya faɗi gaskiya, shi kuma ba shi da gaskiyar da ta wuce wadda ya faɗa. Ta rasu bayan shekara biyu ba su gana ba. Ranar jana'iza ya tsaya can bayan mutane, ba wanda ya miƙa masa hannu.

Mutumin nan yana cikin masu ɗaukar akwatin gawa. Ita ta rubuta sunansa cikinsu da kanta, tun tana da rai.

Daga makabarta ya wuce gida, ya hau ɗakin sama. Shekara shida rabonsa da buɗe kabad ɗin, don ba ya iya kallon abin da ke ciki. Kabad ɗin a jingine yake da bangon bututun hayaƙi. Shi da yake gargaɗin kowa cewa zafi da bushewar iska su ne ajalin tsohon katako, a nan ya ajiye ta, saboda nan ne kaɗai wurin da ke da makulli biyu.

Ya buɗe. Katakon sama ya tsage gida uku. Gam ya saki, sandunan ciki sun zube, bayanta ya ɓalle ya kantare. Jitar da ta tsallake yaƙi biyu a hannun mutanen da ba su san sunan maƙerinta ba, a hannun gwani ta mutu.

Washegari da hantsi ya zo mini da ita a cikin kwali. Ya ajiye a kan teburina, ya faɗi komai daga farko, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Na ce akwai wanda ya fi ni cancantar jin wannan, kuma ni ma ina da abin faɗa masa. Muka shiga mota tare zuwa Hof.

Volkmar bai ce mu shigo ba. A bakin ƙofa ya saurara. Ya leƙa cikin kwalin, ya daɗe yana kallo.

"Me zan yi da katako?" ya ce. "Uwata ta mutu tana ganina ɓarawo. An ce ba abin da ba ka iya gyarawa, Meister. Gyara mini wannan."

Mutumin nan ya sunkuyar da kai. Ni ma na faɗi nawa, na ce na yi masa hukunci ban tambaye shi ba, ya gafarce ni. Ya dube ni. "Na ji," in ji shi. Ya rufe ƙofa a hankali. Har yau abin da na samu ke nan daga gare shi, kuma ban ce na cancanci ƙari ba.

Sauran labarin gajere ne. Mutumin nan ya tsaya gaban ƙungiyar masu sana'a ya faɗa da bakinsa, don a wanke sunan Volkmar. Aka soke nasa sunan. Ba wanda ya sake kawo masa ko ɗaurin tsirkiya. Roswitha, wadda ta yi shekaru tana kai wa Frau Trommer miya tana zagin ɗan da ya cuci uwarsa, ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yar uwarta a Plauen. Ya zauna shi kaɗai da kwalin. Ya yi ƙoƙarin haɗa ta, amma hannunsa ya kama rawa, gam yana bushewa kafin ya daidaita baki da baki. Bai gama ba har Allah ya karɓi ransa.

Ya tuba, ni shaida ne, kuma ina fata an karɓa. Amma tubarsa ba ta kai kunnen matar da aka binne ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai sayar da abin da ya ɗauka ba, bai ci komai a kansa ba. So ne ya kai shi, son abu mai kyau, kuma son abu mai kyau ba laifi ba ne. Laifin ya shigo ranar da ya ce, na fi su sanin darajarsa, saboda haka na fi su cancanta. Wane ne a cikinmu bai taɓa faɗin haka a ransa ba, kan gona, ko matsayi, ko gadon iyaye? Ita kuma ƙarya ba ta zama inda ka ajiye ta. Sai ta nemi wanda zai ɗauki nauyinta, kuma marar laifi take samu.

Ni kuma nawa zunubin kun ji shi. Na ga ɗan uwa yana nutsewa na kira shirun da na yi ladabi. Na ji jita-jita na ɗauke ta na kai gidan mutum da sunan wa'azi. Wasunku da ke zaune nan kun taya ni, a wurin mai burodi.

In akwai abin wani a hannunka, mayar masa yau, yana da rai. In akwai wanda ka yanke wa hukunci ba ka ji ta bakinsa ba, ka je bayan an tashi, kafin ka ci abincin rana. Ba kullum ne mai haƙƙi yake jiranka ba.

Allah ya kiyaye mu daga kwaɗayin da ke zuwa da kyawawan dalilai, ya kiyaye mu daga shirun da ke kashe wani, ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun waɗanda muka cuta suna iya jinmu. Amin.